Yaron da aka damƙa wa littafin famfo

Auta ake ce masa a garinsu, don shi ne na ƙarshe a ɗakin mahaifiyarsa, kuma da wannan sunan zan bar shi. Garin yana cikin ƙasar duwatsun nan ta kudancin Katsina, inda rijiyar hannu ke fara ƙafewa tun watan Maris. Ya gama sakandare bai samu ci gaba ba. Ya yi acaɓa da babur ɗin wansa har aka sayar da babur ɗin, daga nan ya koma zaman majalisa a bakin titi. Wannan shaida ce a kan yadda aka horar da shi tare da wasu matasa, har suka zama su gari ke nema idan abu ya lalace. Na kawo ta dalla-dalla ne domin masu shirya irin wannan horo su ga inda aikin yake, su kuma ga inda yake karyewa.

A shekarar 2021 amai da gudawa ya yi mummunar ɓarna a Najeriya. Fiye da mutum 100,000 aka lissafa sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Arewa irin su Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. A wannan daminar famfon tuƙa-tuƙa biyu ne a garin su Auta, ɗaya a bakin kasuwa, ɗaya a bayan firamare, kuma duka biyun a mace suke. Mata da yara sun koma kududdufi da rijiyoyi marasa murfi. Kowa ka tambaya sai ya ce famfon gwamnati ne, ana jiran a zo a gyara. Wannan jiran shi ne ciwon, kuma shi aka shirya horon ya magance.

Tun wajen zaɓe ake fara kuskure. Idan ka ce wa dagaci ya ba ka matasa goma, zai kawo na gidansa da na 'yan'uwansa, ba don mugunta ba, sai don yana zaton akwai kuɗin zama kuma yana son nasa su amfana. Saboda haka tun a gaban jama'a ake faɗa cewa babu alawus, abincin rana kawai za a ci tare. Sharuɗɗa uku ake kafawa. Wanda za a ɗauka ya zama yana kwana a garin rani da damina. Ya iya rubuta lamba, ko da boko ko da ajami. Kowace unguwa kuma ta kawo nata, har da rugar Fulanin da ke shan ruwan garin. Cikin mutum 12 da za a ɗauka, aƙalla 4 su zama mata, kuma an fi son matan aure masu ƙuruciya. Budurwa gobe za a kai ta wani gari da iliminta, saurayi kuma da an gama kaka sai ci-rani, amma matar aure tana nan, kuma ita ce ke kwana da zancen ruwa ta tashi da shi. Auta bai cikin jerin farko. Mai unguwarsu ne ya sa shi daga baya, ya ce yaron nan ko rediyo ta mutu shi ake kai wa.

Makon farko ba a taɓa sifana ba, kuma hakan ya ɓata wa samarin rai. Auta da kansa ya ce, "Malam, mu fa gyara muka zo koya, ba ƙidayar gidaje ba." Amma da ƙidaya ake farawa. An fita dandali aka zana taswirar garin a ƙasa: toka ce hanyoyi, tsakuwa gidaje, ganye wuraren ruwa, gawayi kuma masai da juji da wuraren da ake bahaya a fili. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya gyara musu, wannan ya ce kun manta gidan wane, wancan ya ce rijiyar nan ai ta rufta. Kafin la'asar taswirar ta zama ta gari gaba ɗaya, sannan aka kwafe ta a takarda. Washegari suka rabu biyu-biyu suka bi gida-gida suna rubuta yawan mutane, da yawan jarkar da ake sha a rana, da inda ake ɗebowa, da wanda ke ɗebowa. Matan cikinsu ne suka shiga cikin gidaje, domin saurayi iyakarsa zaure, kuma abin da maigida zai faɗa a zaure game da ruwa ba shi ne abin da uwargida ta sani ba.

Sai jefa wake. Aka jera matsalolin da mutane suka ambata, kowace da alamarta a ƙasa, aka ba kowane mutum ƙwayar wake goma ya raba yadda ya ga nauyinsu. Maza daban, mata daban, don idan aka haɗa, mata za su bi inda mazajensu suka jefa. Waken maza ya taru a kan hanya da taki. Na mata ya taru a kan ruwa har ya yi tudu. A wannan zaman ne wata dattijuwa ta ce wa Auta, "Ɗan nan, ai famfon kasuwa ya yi wata uku yana gaya mana zai mutu. Da safe sai ka yi ta bugu kafin ya kawo, in ya kawo kuma ja ne, ya ɓata wanki ya baƙanta tuwo." Ya ce, "Inna, kun faɗa wa wani?" Ta ce, "Wa ya tambaye mu?" Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A cikin maganar nan tata akwai cikakken bayanin ciwon famfon: jinkirin kawo ruwa da safe yana nufin ruwa na zurarewa ƙasa da dare, ko ta bawul ɗin ƙasa, wato marfin da ke hana ruwa komawa rijiya, ko ta hujin fayif, jan ruwa kuma tsatsa ce ke cin fayif ɗin. Daga ranar Auta bai sake raina ƙidaya ba.

Darasi na gaba shi ne bin dalili har gindinsa. Ana tambayar "me ya jawo" a kan kowace amsa har sai an kai inda babu sauran tambaya. Famfo ya mutu. Me ya jawo? Robar da ke ɗago ruwa ta cinye, fayif ya huje. Me ya sa ba a canza ba? Babu kayan a gari, babu wanda ya iya. Me ya sa ba a kira makanike daga hedikwatar ƙaramar hukuma ba? Babu kuɗi. Me ya sa babu kuɗi? An taɓa karɓa shekarun baya, ba a ga gyara ba, ba a ji bayani ba, mutane suka rantse ba za su sake ba da ko sisi ba. Me ya sa ba a ji bayani ba? Babu littafi. A nan matasan suka yi shiru, domin sun gane cewa abin da ya mutu a garin amana ce, roba kuwa ana samunta a kasuwa.

Akwai kuma lissafin da ya kamata kowane matashi ya yi da hannunsa. Famfo irin India Mark II, wanda aka ƙirƙiro a Indiya a shekarun 1970 tare da UNICEF, kuma yana da yawa a karkararmu, yana ba da kusan lita 15 a bugu 40 cikin minti ɗaya idan yana da lafiya. Jarka mai lita 25 tana cin kusan minti biyu idan aka haɗa da ɗaukewa da sa wata. Wato jarka 30 a awa, jarka 300 a awa goma, lita 7,500 ke nan. Idan kowane mutum zai samu lita 20 a rana, bai kai wa mutum 400 ba, kuma wannan ba hutawa ko kaɗan. Shi ya sa ake ƙiyasta famfo ɗaya ga mutum 250 zuwa 300. Da suka ɗora wannan a kan ƙidayarsu, sai suka ga ko duka biyun suna aiki nauyin ya yi musu yawa, balle idan ɗaya ya mutu gari ya koma kan ɗayan. Dole kayan cikinsa su riƙa cinyewa da wuri, kuma dole a tanadi na canji tun kafin su cinye.

Sun yi kuskure babba a mako na biyu. Zumuɗi ya ɗebe su, wata safiya suka je suka buɗe murfin kan famfon kasuwa ba su gaya wa kowa ba. Kafin hantsi labari ya kai fada cewa yara na kwance kayan gwamnati za su sayar, dagaci ya aiko aka tsayar da su. Kwana huɗu aikin na tsaye. Laifin na masu horarwa ne da ba su sa wannan darasin a gaba ba. Tsarin da ya dace shi ne a fara da liman da masu unguwanni ɗaya bayan ɗaya, kowa a zaurensa, sannan su su raka matasa fada. A fada kuma ba sanarwa ake zuwa yi ba, shawara ake zuwa nema. Auta ya durƙusa ya shimfiɗa taswirar ya ce, "Ranka ya daɗe, mun yi kuskure. Ga abin da muka ƙirga, ga abin da iyayenmu mata suka faɗa. Mun zo a nuna mana ta inda za mu ɓullo." Dagaci ya daɗe yana duban takardar, ya nuna wani gida da aka tsallake, aka gyara. Shi da kansa ya sa mai shela ya zagaya, kuma shi ya fara zuba nasa gudummawar. Matashin da ya koyi barin babba ya faɗi magana da bakinsa ya koyi rabin shugabanci a ƙasar Hausa, kuma wannan ba ya rage masa komai a aikin.

Sai aka zo kan ƙarfe. Kafin a kwance komai, gwaji biyu ake koya musu. Na farko gwajin yoyo: a buga har ruwa ya fito, a bar famfon minti 30, a dawo a ƙirga bugu nawa kafin ruwa ya sake fitowa. Idan ya wuce biyar, akwai yoyo. Na biyu gwajin yawan ruwa: cikakken bugu 40 a minti ɗaya cikin bokitin da aka auna. Idan abin da ya taru ya gaza lita 10, robar fistin, wato abin da ke hawa da sauka yana ɗago ruwa, ta cinye. Sauran alamu kunne da hannu ke gane su. Hannun famfo ya yi sakayau babu ruwa, to rodin da ke haɗa hannun da fistin ya kwance ko ya karye, ko kuma ruwan ƙasa ya sauka ƙasa da silinda, wato bututun da fistin ke ciki a can ƙarshen fayif, abin da ke faruwa da bazara. Hannun yana rawa hagu da dama, boris ya mutu ko notin gindinsa ya saki. Ƙara kamar ana goga ƙarfe, rodi ya lanƙwashe ko sarƙa ta bushe babu giris. Ruwa da yashi kuwa ba aikin matasa ba ne, matsalar tana cikin rijiyar kanta, sai a kai rahoto ga hukumar ruwan karkara ta jiha.

Kwance India Mark II aikin mutum huɗu ne aƙalla, biyar ya fi. Ana buƙatar sifana mai lamba 17 da 19, manyan sifanun fayif biyu, maɗaga fayif, bais na fayif, wato abin da ke damƙe shi kada ya zame, bais na rodi, da zarto. A cire murfi, a kwance sarƙa daga hannun, a zare hannun, a kwance kan famfon a ɗaga shi, a kama rodi da bais ɗinsa kafin a cire sarƙar gaba ɗaya. Sai tankin da bakin famfo ke jiki, a ɗaga shi tare da fayif na farko, a danne fayif ɗin da bais, sannan a kwance tankin. Daga nan ɗaya bayan ɗaya: a ɗago mita 3, a danne a ƙarƙashin soket, a kwance fayif, a kwance rodin da ke cikinsa, a ajiye su a kan katako, ba a ƙasa ba. Kowane tsayi ɗaya, fayif da rodi da ruwan ciki, ya kai kilo 15. Guda goma sun kai nauyin buhun masara ɗaya da rabi, kuma duk wannan nauyin yana rataye ne a kan bais ɗaya.

A nan ne abin da ake tsoro ya faru, a famfon firamare. Sun ciro fayif shida lafiya. A na bakwai wanda ke kan bais ya ɗauka ya ɗaure, masu ɗagawa suka ɗauka an ce su saki. Babu wanda ya yi magana. Sai ƙarar ƙarfe na gogar bakin rijiya, sai wani "cuɓul" daga can ƙasa, sai shiru. Fayif huɗu da silinda sun tafi. Wani yaro ya ɗora hannu a ka, Auta kuma ya zauna a kan daɓe yana kallon ramin, tafin hannunsa na jini inda fayif ya zare masa fata. Allah ya kiyaye ba yatsa ba ne. Kwana biyu aka yi ana neman su da ƙugiyar da maƙerin garin ya ƙera aka ɗaura a jikin roduna, kafin ta kama bakin soket aka jawo su a hankali. Daga ranar aka kafa doka: mutum ɗaya ne ke ba da umarni, kuma babu mai saki sai na kan bais ya ce "na kama" da ƙarfi, mai umarni ya duba da idonsa ya ce "a saki". Auta suka zaɓa ya zama mai umarnin, domin shi ne ya tashi ya je fada ya faɗi abin da ya faru tun kafin wani ya kai labarin.

Cikin silinda abubuwa kaɗan ne: fistin mai roba biyu masu kama da kofi, bawul na sama, bawul na ƙasa, da zoben roba a murafunta. A canza robobin duka lokaci guda, ko da ɗaya ce ta cinye, domin wahalar ciro fayif ta fi kuɗin roba nesa ba kusa ba. Bakin kofin robar sama yake kallo. Idan aka juya shi, famfo zai yi ta bugu babu ruwa. Kafin a mayar, a gwada silindar a cikin bokitin ruwa, a cika ta a tsayar da ita a gani ko tana ɗiga. Wajen mayarwa a ɗaure kowane rodi da notinsa na kulle, domin rodin da ba a kulle ba shi ke kwancewa bayan 'yan makonni. Idan aka canza tsayi, a saukar da fistin har ƙasa sannan a yanke rodin ƙarshe daidai da bakin tanki. Ya yi tsawo fistin ya riƙa dukan ƙasa, ya yi gajarta ya riƙa dukan sama. Abin da aka fi mantawa shi ne wanke rijiyar. Hannaye da ƙasa sun taɓa kayan, don haka sai an sa hodar kulorin mai ƙarfin 65 zuwa 70 cikin ɗari. Rijiya mai faɗin inci 4 tana riƙe kusan lita 8 a kowace mita, wato mita 30 ta ruwa lita 240 ce, kuma cokalin cin abinci ɗaya da rabi ya ishe ta. A narka a bokiti a zuba, a buga har a ji warin, a kulle famfon ya kwana, da safe a yi ta zubarwa har warin ya tafi.

Famfon kasuwa ya fi wuya. Fayif ɗinsa uku sun huje, zarensu ya cinye, kuma gwaji ya nuna ruwan yana da tsami, awonsa na pH yana ƙasa da 6.5, irin ruwan da ke cin fayif ɗin ƙarfe. Sabon ƙarfe ma ba zai daɗe ba. Mafita ita ce fayif ɗin roba mai kauri da rodin ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma sun fi tsada. Da famfo irin Afridev ne, wanda aka inganta a Malawi da Kenya a shekarun 1980, da an huta da rabin wahalar, domin fayif ɗinsa na roba ne kuma ana zaro fistin da bawul ta ciki ba tare da ciro fayif ba. Amma da abin da ke ƙasa ake aiki. Suka kai maganar gaban jama'a da farashin hanyoyin biyu, gari ya zaɓi mai tsadar, aka jira kaka.

Batun kuɗi shi ne inda ya kamata mai horarwa ya fi daɗewa, domin a nan yawancin kwamitocin ruwa ke mutuwa. Wanda ya koya musu riƙe littafi wani dattijo ne da ya yi aikin sa kai lokacin yaƙi da kurkunu. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a Najeriya, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da ita a Najeriya da Nijar. Babu allura babu ƙwaya a wannan yaƙin. 'Yan sa kai na ƙauyuka ne da ƙyallen tace ruwa da littafin rubuta duk wanda ya kamu, wata bayan wata, har lambar ta koma sifili. Dattijon ya ɗauko nasa tsohon littafin daga cikin adaka ya nuna musu, ya ce wa Auta, "Yaro, abin da ba a rubuta ba gardama ce." Da tsohuwar zuma ake magani. Duk garin da za a yi horo, a nemi irin wannan mutumin tun farko.

Tsarin da suka tsayar mai sauƙi ne. Mai karɓar kuɗi daban, mai rubutawa daban, mai ajiya daban. Auta ke riƙe da littafi, wata matar aure daga cikin ɗaliban ce ma'aji, kuma akwatin yana da kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurinta ɗaya wurin liman. Babu rance daga akwatin, ko na haihuwa ko na rasuwa, domin rance ɗaya ga mai mutunci shi ke buɗe ƙofar da ba ta rufuwa. Kowace Juma'ar farkon wata bayan an sauko, ana karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a ƙofar masallaci, ma'aji kuma ta karanta wa mata a gidan mai unguwa. Karɓar kuɗi kowane wata bai yi aiki ba, don da damina aljihun manomi a bushe yake. Ma'ajin ce ta kawo shawarar a karɓi hatsi da kaka, kowane gida da adadin tiyar da aka yarda gwargwadon yawan mutanensa, a adana a sayar lokacin da farashi ya tashi. Masu kurar ga-ruwa da masu shayar da dabbobi suna biya a kan jarka, domin sana'a suke yi da ruwan. Gwauraye tsofaffi da marayu an ɗauke musu, kuma an rubuta sunayensu a fili don kada ya zama abin gunaguni. Kuɗin kuma ba a bari ya kwanta, saboda darajar naira na zubewa. Ana sayen robobi da boris da sarƙa da giris a ajiye. Makanike yana da ladansa a rubuce a kan kowane gyara. Aikin sa kai yana da iyaka, saurayin da ke neman aure ba zai shekara yana ciro fayif a kyauta ba.

Abin da mutanen ofis ke kira ƙirƙira ya zo ne da kansa bayan an fara amincewa da su. Ruwan da ke malala daga daɓe ya zama taɓo, shanu na tattakawa, sauro na haihuwa. Suka yi gayya suka ja magudana mita goma zuwa kwamin shayar da dabbobi, abin da ya ragu ya gangara cikin ɗan lambun zogale da ayaba da aka kewaye da ƙaya, kuɗin ganyen na shiga akwati. Sun lura yara ne ke kashe boris da gajeren bugu mai sauri da buga hannun a jikin ƙarfe, sai suka shiga firamare da makarantun allo suka nuna dogon bugu a hankali. Kayan aiki masu tsada suka haɗa kuɗi da garuruwa uku na kusa suka saya saiti ɗaya, yana zagayawa da rubutu, ana sanar da juna ta WhatsApp. Taswirar farko kuma ta nuna masai biyu a kusa da famfon kasuwa, ƙasa da mita 30 da ake so a bari tsakani. Wannan ya fi gyaran famfo wuyar magana, domin gidajen mutane ne. Liman aka sa a gaba, gari ya taya masu gidajen haƙa sababbi a nesa. Daga nan zancen bahaya a fili ya taso, kuma da aka ayyana Jigawa a 2022 a matsayin jihar farko a Najeriya da ta rabu da shi, sai matasan suka samu abin nuna wa masu cewa ba zai yiwu a ƙasar Hausa ba.

Ba komai ya tafi daidai ba. Cikin 12 ɗin farko, samari uku sun tafi ci-rani ba su dawo ba, ciki har da wanda ya fi kowa iya silinda. Lokacin siyasa wani mai neman kujera ya aiko aka gyara famfo ɗaya kyauta, kuma a kakar da ta biyo baya gidaje da yawa suka ƙi ba da hatsi, suna cewa ai akwai mai yi. Sai da aka karanta littafi aka nuna cewa gyara ɗaya ya yi cikin gyare-gyaren shekara kafin suka dawo. Shi kansa Auta ya fara riƙe komai a hannunsa, littafi da sifana da magana a fada, har sauran suka fara ja da baya. Wannan ciwo ne da ke kama matashin da ya yi nasara, kuma maganinsa a rubuta tun farko cewa shugabanci shekara biyu ne, kowane mai muƙami kuma yana da ƙaramin da yake koya wa. Da aka gaya masa bai ji daɗi ba, amma da wa'adi ya cika ya miƙa littafin a gaban dagaci.

Yanzu gyaran famfo ne sana'arsa, garuruwan kewaye na kiransa, ya sayi babur nasa ya yi aure. Littafin yana hannun wata ƙanwar ma'aji. Kowace Asabar da sassafe, kafin layi ya taru, akan ga yara biyu a famfon kasuwa da bokitin awo, ɗaya na bugu ɗaya na ƙirgawa da ƙarfi, Auta na tsaye gefe bai sa hannu ba. A wata Asabar ta bazarar da ta wuce bugu 40 ya ba da lita 11. Yarinyar da ke riƙe da littafin ta rubuta, ta duba shafin baya ta ga 13, ta ɗago kai ta ce, "Yaya Auta, roba ta kusa." Ya tambaye ta ko akwai a ajiye, ta ce saiti biyu. Suka sa ranar Talata, don kada aikin ya faɗa ranar kasuwa, ta tafi gaya wa mai shela ya sanar da mata su cika randunansu tun daren Litinin.